Koriyar Tsakar Baba Salihu

Ummulkhairi mai masa ta shekara goma sha ɗaya a Makka kafin tsohon nan ya shigo gidanta. Ita da mijinta Dawuda da ƙafa suka taso daga Ringim, suka yi shekara shida a hanya suna tsintar auduga a gonakin Sudan, kafin su haye teku daga Sawakin. Da suka sauke farali ba su koma gida ba. 'Ya'yansu biyu a hanya suka binne su, ɗaya a Abeshe, ɗaya a bakin kogin Nilu, kuma babu wanda ya ƙara tayar da zancen komawa a cikinsu. Sai suka kafa 'yar sandaka a gindin dutse bayan titin Mansur, ɗaki biyu na katako da gwangwanin kananzir da aka fasa aka miƙe. Ita kullum da safe tana toya masa a bakin titi. Shi kuwa in lokacin Hajji ya zo yana cikin masu ɗaukar shibriya, gadon katakon nan da ƙarti ke ɗorawa a ka su yi wa tsofaffi da marasa lafiya ɗawafi. Sauran watanni sai dako.

A Hajjin 1964 ne Dawuda ya ɗauki wani tsoho da ƙafa ta gaza masa tun daga Muzdalifa. Tsohon ba shi da nauyi, kuma duk zagaye bakwai ɗin kuka yake yi ba sauti. Bayan alhazai sun watse, wata rana Dawuda na wucewa ta ƙofar masaukin da aka sauke su, sai ya gan shi zaune a kan akwatinsa a cikin rana, an kulle gidan. Bai yi dogon tunani ba ya saɓa akwatin, ya riƙo hannun mai akwatin.

"Ummu, shimfiɗa tabarma a ɗakin baya," in ji shi da suka iso. "Baƙo na kawo mana."

"Na kwana nawa, Malam?"

"Ban tambaye shi ba. Shi ma ba na jin ya sani."

Sunansa Saleh bin Faki, amma kafin mako ya zagayo 'yan unguwa sun mai da shi Baba Salihu. Mutumin Pemba ne, wani tsibiri can gabashin Afirka, manomin kanumfari daga wani ƙauye kusa da garin Wete. Ya taso da wuri don ya yi azumi a Makka ya jira Hajji. Yana nan labari ya iso cewa an yi juyin mulki a Zanzibar, an kori sarki, an zubar da jini, kuma fitinar ta haye har tsibirinsu. Ya aika wasiƙa uku ga 'yarsa da jikokinsa, ko ɗaya ba a amsa ba. Fasfon da ke hannunsa na gwamnatin da ta riga ta rushe ne. Ba shi da takardar zama a nan, ba shi da tabbacin gida a can.

Kwana uku da zuwansa Ummulkhairi ta kai masa kunu da hantsi. Ta yi sallama ta ɗaga labule, ta same shi ya juya wa ƙofa baya yana magana ƙasa-ƙasa da harshensu, kamar mai lallashin jariri. A gabansa akwai ɗan kwando mai murfi, saƙar kaba, an lulluɓe rabinsa da jiƙaƙƙen tsumma. A bayan hannunsa kuwa wata aba ce kwance, koriya shar, har da wutsiyarta ba ta fi tsawon tafin hannu ba, tana lasar dabinon da ya murtsuke a ɗan yatsa.

Da farko ta ɗauka ganye ne. Sai abar ta ɗaga kai, ta zaro harshe ta lashe idonta, Ummulkhairi ta ga 'yan yatsun nan masu faɗin baki. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mata.

"Wazag!" ta ce da Larabci. "Baba, tsaka ce! Kar ka motsa, bari in ciro takalmi."

Tsohon ya yi maza ya kife ɗaya hannun a kanta.

"La, la, ya binti. Wannan ba wazag ba ce. Mjusi ce da harshenmu, 'yar garinmu."

Larabcinsa na makarantar allo ne da na jirgin ruwa, nata na kasuwa, amma sun fahimci juna. Ya ce ranar da zai taso 'yarsa ta ƙunsa masa guzuri a ganyen ayaba, ta jera a akwati. Sai da jirgi ya kwana huɗu a teku ya buɗe ya tarar da ita maƙale a jikin ganyen.

"Ban yi niyyar kawo ta ba, ita ma ba ta yi niyyar zuwa ba. Sai na ce mata to, tun da haka Allah ya so, mu je tare mu dawo tare, in mai da ke kan ayabar da kika fito." Ya ɗan buɗe hannunsa ya leƙa ta. "Ina saurayi na yi aikin jirgi. Na je Unguja, na je Mombasa, na je Lamu har Maskat. Ban taɓa ganin irinta a ko'ina ba sai a tsibirinmu. Wazag ta dare ce, launin toka. Wannan da rana take yawo, ruwan fure take sha."

Ummulkhairi ta ajiye kunun can nesa da shi ta fita da baya. Hannunta ta wanke har sau uku, alhali ba ta taɓa komai ba.

Ba tsoron banza take yi ba. Tana da shekara tara aka fitar da uwarta bayan gari a Ringim saboda kuturta, kuma kowa a gidan cewa ya yi tsaka ce ta faɗa mata a fura. Ita ce mai kai mata abinci, ta ajiye a kan dutse ta ja da baya. A gaban idonta yatsun da suke yi mata kitso suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin ba ta taɓa ganin tsaka ta bar ta da rai ba. Ga shi kuma kowa ya san kashe ta akwai lada, wanda ya gama da ita a bugu ɗaya ma ladansa ya fi.

Da la'asar da Dawuda ya dawo ta tare shi tun bai ajiye igiyar dakonsa ba.

"Malam, ka san abin da ka shigo mana da shi? Ni da nake sayar da abinci?"

"Na sani. Na gan ta tun a hanya."

"Ka gani ka yi shiru?"

Dawuda ya zauna a kan turmi ya share gumi. "Ummu, tsohon nan bai san ko 'yarsa na raye ba. Duk garin nan babu mai jin harshensa. In ya buɗe baki ya yi maganar gida, da wannan 'yar abar yake yi. Ni ba zan iya ce masa ya kashe ta ba. In ke za ki iya, ga shi can."

Ba ta iya ba. Sai ta kafa sharaɗi: kwandon ba zai fito daga ɗakin baya ba, kuma kwanonsa da moɗarsa daban. Baba Salihu ya karɓa, har da godiya.

Haka aka shiga zafin Safar, zafin da ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Tsohon ba mai zaman banza ba ne. Shi ke tsince mata tsakuwa a shinkafar masa, shi ya gyara ƙofar da ta shekara tana jan ƙasa. Wata rana ya kwance ƙullin kanumfarin gonarsa ya ba ta rabi, ya ce ta jefa ƙwaya biyu a kunu, ta kuwa ji bambanci da na kasuwa. In mai ruwa ya kawo garwa aka raba, rabin nasa a kan kwandon yake ƙarewa. Yakan tsoma yatsu ya yayyafa a jikin kaba, don abar ba ta shan ruwa a kwano, sai ta bi ɗigo tana lasa. Yakan kama mata ƙuda da hannu, da saurin da ba za ka zata ga tsoho ba.

Sannu a hankali Ummulkhairi ta fara daɗewa a bakin labulen in ta kai abinci. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma a garin da ko'ina ka duba dutse ne baƙi da ƙasa ja, idonta ya daɗe bai ga kore irin wannan ba. Kamar sabon ganyen gero bayan ruwan farko. Cikinta fari-fari ne, tafiyarta a natse, idonta baƙi ƙirin kamar ƙwayar barkonon masoro. Wata rana tsohon ya lakato dabino a kan tsinke ya miƙo mata.

"Gwada, ya binti. Ba ta cizo."

Ta riƙe tsinken da ƙarshen yatsu. Abar ta gangaro daga bakin kwando, ta tsaya, ta karkata kai ta dube ta, sannan ta fara lasa. Ummulkhairi ta ji dariya ta kufce mata. Baba Salihu ma ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. Bayan wannan ta ƙara yi sau uku ko huɗu, har abar ta saba da ita.

Amma gidajen unguwar jikin juna suke, katako ɗaya ke raba ka da maƙwabci. Wata da ta shigo ɗibar wuta ta hango tsohon yana magana da kwando, ta ji yana cewa mjusi. Kafin maganar ta kai bakin titi ta zama majusi. Aka ce mai masa ta ajiye bamajushe a gida, yana kiwon tsaka yana yi mata tsafi. Waɗanda suka san shi a sahun masallaci suka ce ƙarya ne, amma zancen tsakar babu mai iya ƙaryatawa.

Baraka ce ta zo ta gaya mata. Ita ce aminiyarta, mai sayar da gyaɗa a gefenta tun shekarar da suka zo.

"Yaya Ummu, ke ba ki lura ba? Masu ɗinkin can sun koma sayen ful, dafaffen waken Larabawa, da safe. Matar mai aski ta ce ko kyauta ba za ta ba 'ya'yanta masarki ba. Ba wanda ya ce ke ƙazama ce, amma tsaka a gidan mai abinci? Ke ma da wata ce ai ba za ki saya ba."

Gaskiya ta faɗa. Ƙullin da a da yake ƙarewa kafin rana ta take, yanzu sai ta koma da rabi ya tsame a tukunya. Duk da haka ta daure, ba ta ce wa tsohon komai ba. Abin da ya karya ta daban ne. Wata safiya tana wanka ta lura da wani farin tabo a kafaɗarta, kamar girman kwabo, ba ƙaiƙayi ba zafi. Ta tsaya tana kallonsa har ruwan jikinta ya bushe. Haka na uwarta ya fara, ko kuma haka take tunawa. Ba ta nuna wa Dawuda ba, ba ta nuna wa Baraka ba. Kwana biyar tana dubawa, a kwana na shida ta ga wani ƙarami ya fito kusa da shi.

Ranar Juma'a ce. Dawuda ya riƙe hannun tsohon sun tafi Harami tun da hantsi don su sami inuwa. Unguwa ta yi tsit, maza duk sun fita. Ummulkhairi ta daɗe tsaye a tsakar gida. Sannan ta ɗauki dabino ɗaya da tsinke ta shiga ɗakin baya.

Ta kwance igiyar murfin. Abar ta leƙo, ta ga tsinken da ta sani, ta biyo shi ba gardama har kan dakalin ƙasa. Tana cikin lasa Ummulkhairi ta zare takalminta ta yi bisimilla.

Bugu ɗaya ne. Wutsiyar ta rabu tana ta mutsu-mutsu a ƙasa ita kaɗai, ta daɗe ba ta daina ba. Abin da ya tsaya wa Ummulkhairi a rai shi ne launin. Tana kallo koren nan ya fara dushewa, ya yi duhu, har ya koma kamar busasshen ganyen taba. Ta jira ta ji sanyin da takan ji in ta kashe tsaka, bai zo ba. Ta kwashe ta da guntun kwali, ta tona rami a bayan murhu ta binne, ta share dakalin da toka. Da ta zo ɗaure murfin sai ta tsaya. Ta bar shi a karkace, igiyar a sake, kamar ɗaurin da ya kwance da kansa.

Da suka dawo tana tsugune tana wanke tanda. Ta ji tsohon ya shiga ɗakinsa, ta ji shiru, sannan ta ji yana jan akwati, yana kaɗe tabarma. Can ya fito ba hula, riƙe da kwandon.

"Ya binti, ba ki gan ta ba?"

Nan ne wurin faɗar gaskiya. Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Dawuda da ke tsaye yana jira, sai ta ji kanta tana cewa, "Ban shiga ɗakin ba, Baba."

Ya jujjuya igiyar a hannunsa. "Ni ne. Sauri nake kar mu rasa wuri, ban ɗaure da kyau ba. Wata bakwai ban taɓa mantawa ba." Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano. "Ba za ta yi nisa ba. Zafin nan ba za ta iya shi ba, ruwa za ta nema."

Ta ɗauka kwana biyu zai yi yana nema ya haƙura. Ba haka aka yi ba. Ya bincike gidan katako bayan katako. Ya jera tsummoki jiƙaƙƙu a kowace kusurwa, ya shafa dabino a jikin ginshiƙai har tururuwa ta cika gidan. Da ya gama da gida ya fita lungu, yana leƙa bayan randunan maƙwabta yana ba su haƙuri. Daga nan ya koma zama a bazan, inda masu ruwa ke cika garwa, don nan ne kaɗai ƙasa ke da laima a unguwar. Da asuba yake fita, sai rana ta kai tsaka ya dawo leɓɓansa sun tsage. Abincin da take ajiye masa da ƙyar yake taɓawa.

Labari ya bazu cewa tsakar ta gudu, masu ɗinki suka dawo sayen masa. Ƙulli ya koma ƙarewa da wuri. Kullum Ummulkhairi takan ce yau in ya dawo zan gaya masa, kullum in ta gan shi ya shigo yana jan ƙafa sai ta ce bari ya huta tukuna. Kowace rana da ta wuce faɗar ta ƙara nauyi, don yanzu ba kisan kaɗai za ta amsa ba, har da kwanakin da ta bar shi yana yawo a rana.

A kwana na goma sha biyu Baraka ta zo yi mata kitso. Da mayafi ya zame ta ga kafaɗar, ta kai yatsa ta kankara.

"Ke ma ƙyasbin nan ya kama ki? Zufa ce ke kawo shi, rabin unguwar nan suna da shi. Ki samo farar wuta ki kwaɓa da man shanu, mako biyu ya tafi."

"Ƙyasbi?"

"To da me kika ɗauka?"

Ummulkhairi ta sunkuyar da kai, Baraka ta ci gaba da tsaga, hawaye na ɗiga a cinyarta. Baraka ta zaci jan gashin ne ya yi zafi, ta sassauta hannu.

A ranar ta yanke cewa ko me zai faru gobe za ta faɗa. Da yamma ta ji Dawuda yana yi wa tsohon magana a ƙofar gida.

"Baba, ka daina fita bayan unguwa. Askarawa na kama waɗanda suka wuce lokacin Hajji ba takarda. A cikin lungunmu babu mai nuna ka, amma a babban titi ba ni da yadda zan yi."

"Ɗayyib, na ji, ya waladi," in ji tsohon. "Sai dai wani mai ruwa ya ce mini akwai gidan wani attajiri ta wajen unguwar Zahir, da lambu a ciki, har da ayaba. In tana da rai can za ta nufa. Sau ɗaya kawai zan je in duba."

"Zahir ina, nan ina? Abar da ba ta kai tafin hannu ba?"

"Ta haye teku," in ji tsohon.

Ummulkhairi na jin su daga bakin murhu, taku uku daga inda ta tona ramin. Ta ce a ranta da safe, in Malam ya fita, za ta same shi shi kaɗai, zai fi sauƙi. Da safe ta idar da salla ta ɗaga labulen, ta tarar tabarma a naɗe. Ya fita da kwandon.

Bai dawo da azahar ba, bai dawo da magariba ba. Washegari wani direban tasi, ɗan Hausawa haifaffen nan, ya ce ya ga an ɗora wani tsoho mai kwando a babbar mota a hanyar Zahir. An same shi yana leƙen katangar mutane, aka tambaye shi takarda, ya miƙa fasfon da ba ya aiki.

Dawuda yana da 'yar takardar shaida daga muɗawwifi, jagoran alhazan da yake yi wa aiki, da ita ya yi ƙarfin halin bin motar kaya zuwa Jidda. Ya tafi da rigunan tsohon biyu da carbinsa da sauran kanumfarin. Kwana uku ya yi. Ranar da ya dawo Ummulkhairi ta ba shi ruwa, ta tsuguna a gabansa.

"Na gan shi," in ji Dawuda. "A wani fili kusa da tashar jirgi, an kewaye da waya, mutane sun fi ɗari. Ta cikin waya na miƙa masa kayan. Na roƙi wanda zan roƙa, aka ce sunansa ya riga ya shiga takardar jirgi."

"Jirgin ina?"

"Wani ya ce Mombasa, wani ya ce Adan. Shi kansa ba a gaya masa ba." Ya kurɓi ruwan. "Ya ce in gaishe ki, ya ce ki yafe masa wahalar da ya ɗora miki da cinikin da ya ɓata miki. Ashe ya sani. Sannan ya ba ni wannan." Ya jawo kwandon daga cikin buhu ya ajiye a tsakaninsu. "Ya ce in ta dawo, kar ki sa mata ruwa a kwano, ki yayyafa. Ya ce ke ta sani, za ta zo hannunki."

Ummulkhairi ta kifa kai a gwiwa. Da ta iya magana ta faɗa masa duka, tun daga tabon har ramin bayan murhu, ba ta rage komai ba. Dawuda bai katse ta ba.

"Kisan ban ga laifinki sosai ba," ya ce a hankali. "Tsoro ne, kuma na san inda kika samo shi. Amma da kin gaya masa, Ummu, da kuka zai yi kwana biyu a ɗakinsa. Da yanzu yana nan yana tsince miki shinkafa."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Bai canza mata fuska ba, bai taɓa goranta mata ba. Sai dai mutumin da a da ba ya wata biyu bai kwaso wani gajiyayye ya kawo gida ba, daga ranar bai sake kawo mata baƙo ba. Ɗakin baya ya koma wurin ajiye itace.

Tabon ya tafi cikin mako biyu kamar yadda Baraka ta ce.

Daga shekarar, duk lokacin Hajji Ummulkhairi takan ɗauke tandarta daga Mansur ta kai ta kusa da masaukan alhazan gabashin Afirka, ko da yake cinikin can bai kai na titinsu ba. Duk wanda ta ji yana irin harshen tsohon sai ta tambaye shi ko daga Pemba yake, ko ya san Saleh bin Faki mai kanumfari. Yawancinsu mutanen Mombasa ne da Tanga. Suka ce tun bayan fitinar mutanen tsibiran ba sa samun fitowa sosai.

Sai a Hajji na huɗu ta dace da wata dattijuwa da ta ce a Wete aka haife ta, amma yanzu a Mombasa take zaune wurin ɗanta. Ummulkhairi ta kwatanta mata shi, tsawonsa, gemunsa, gonarsa, 'yarsa. Matar ta yi tunani ta girgiza kai. Ta ce masu wannan suna suna da yawa, kuma mutane sun warwatsu, wasu Maskat, wasu Dubai, wasu ba a san inda suka shiga ba.

"To akwai wata 'yar tsaka koriya a garinku," in ji Ummulkhairi, "mai yawo da rana?"

Matar ta yi dariya, mamaki ya kama ta. "A ina kika san ta? Suna nan birjik, kowace ayaba da tata. Yara ma ba sa kula su." Ta gyara mayafinta ta ƙara duban mai masar. "Shi wannan Saleh ɗin, ɗan'uwanki ne?"

"Baƙonmu ne," in ji Ummulkhairi.

Ta zuba wa matar masa a takarda ta ƙi karɓar komai. Matar ta yi mata addu'a da harshensu ta shige cikin taro. Bayan wannan shekarar ma Ummulkhairi ba ta daina tambaya ba, amma har ƙafa ta hana ta fita da tanda ba ta sami wanda ya san inda jirgin ya sauke shi ba.